Daga Ƙofar Wambai Zuwa Tafin Hannu: Ina Kuɗin Kallo Ya Koma?

A farkon shekarun 2000, mai son sanin ko sabon fim ɗin Hausa ya karɓu ba ya buƙatar tambayar kowa. Kasuwar Ƙofar Wambai zai nufa a Kano ranar da aka saki fim ɗin, ya tsaya ya ga yadda dillalai daga Sakkwato, Jos, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram ke ɗaure kaya suna neman mota. Idan yamma ta yi ana cigiyar ƙari, fim ya yi kasuwa. A yau furodusa ba ya taka ƙafa zuwa kasuwa. Wayarsa yake dubawa cikin dare, yana lissafin mutum nawa suka kalli kashin da ya ɗora a YouTube, minti nawa suka yi kafin su fice, daga wace ƙasa suke.

Masu kallon nishaɗin Hausa ba su taɓa yawa irin na yanzu ba. Shiri ɗaya yakan tara kallo sama da miliyan cikin 'yan kwanaki, abin da babu kaset ɗin da ya taɓa mafarkinsa. Duk da haka, kukan da aka fi ji a bakin 'yan fim shi ne na rashin kuɗi. Ana yawan cewa Bahaushe ya saba da kallon kyauta, amma lissafin bai nuna haka ba. Mai kallo yana biya kullum: yana sayen data, yana biyan kuɗin caji, yana biyan mai tura masa fim a waya. Abin da ya sauya shi ne hanyar da kuɗin ke bi, da aljihun da yake faɗawa. Makomar wannan sana'a tana rataye ne a kan wanda zai riƙe wannan hanya.

Zamanin kwali

Kallo a bainar jama'a ya daɗe a ƙasar Hausa. Turawan mulkin mallaka sun zaga garuruwa da majigi, aka kuma buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, daga baya irin su Palace, Plaza, Orion da Marhaba suka biyo baya da finafinan Indiya da na kaboyi. Amma silima wurin maza ne, kuma ba kowane mai mutunci ke son a gan shi a ƙofarta ba. Talabijin ce ta shigar da wasan kwaikwayo cikin gida, ta hannun su Kasimu Yero, Samanja Mazan Fama da Karkuzu. A lokacin, gida ɗaya mai akwatin talabijin yakan ɗauki yaran layi guda.

Kaset ɗin bidiyo ya zo ya buɗe wata ƙofar. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko da aka yi domin kasuwa. Kafin shekara goma ta cika, sana'ar ta tsaya da ƙafarta. A 1999 Sunusi Shehu ya laƙaba mata suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, a shekarar ce kuma Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, kuma a wannan tsakanin ne fim ɗin Sangaya ya nuna wa kowa irin kuɗin da waƙa da rawa za su iya jawowa.

Yadda cinikin ke tafiya a wancan lokaci abin lura ne. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwalin kaset yake bugawa. Ɗan kasuwa zai sayi adadin kwalin da yake so, ya karɓi uwar fim ɗin, ya je ya kwafa a nasa injinan, ya zuba a kwali. Kwalin ne shaidar cewa kaya na halak ne. Tsarin yana da ɓaraka, kuma 'yan fim sun sha kokawa cewa 'yan kasuwa ne ke cin moriyar, amma yana da wata fa'ida guda: duk kwafin da aka saya a rumfa, wani abu daga kuɗin yana komawa ga wanda ya yi fim ɗin. Tsakanin matar da ta aiki yaro ya sayo mata kaset da furodusan da ya zuba jarinsa, akwai igiya, ko da siririya ce.

Yadda igiyar ta tsinke

Faifan sidi ya fara sassauta ta, domin kwafarsa ta fi sauƙi da arha. Wayar hannu mai ɗaukar memori ce ta ƙarasa. Sai ga sabuwar sana'a a bakin kowace kasuwa da tashar mota: matashi da kwamfuta a kan tebur, wanda ake kira ɗan dawunlodin ko mai turi. Da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, zai cika maka waya da finafinai, waƙoƙi da wa'azi. Daga nan kuma abokai su riƙa tura wa juna ta Bluetooth da Xender, ba tare da ko sisi ya sake motsi ba.

A daidai wannan lokaci finafinan Indiya da aka fassara zuwa Hausa suka mamaye kasuwa, kamfanin Algaita na kan gaba. Mai kallon da a da yake bin fim ɗin Indiya da ido kawai, yanzu yana jin jarumin yana magana da Hausar Kano, da barkwanci irin na majalisa, ga faɗa da motoci da jiragen da fim ɗin gida ba shi da kuɗin yi. Zuwa tsakiyar shekarun 2010, rumfunan fim sun fara komawa sayar da kayan waya. Furodusoshi da dama sun ajiye sana'ar, wasu jarumai suka koma kasuwanci, wasu suka bi 'yan siyasa. An gwada komawa silima, musamman bayan buɗe ta zamani a rukunin shagunan Ado Bayero, amma zaure ɗaya ko biyu a birni guda ba za su ɗauki masana'anta ba.

Dogon zango

Mafitar ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, tana watsa shirye-shiryen Hausa dare da rana ta tauraron ɗan'adam kyauta. Shirinta na Daɗin Kowa ya koya wa mutane wata sabuwar ɗabi'a: jiran mako. Maimakon fim mai kashi na ɗaya da na biyu da za a gama a zama guda, sai ga labarin da ba ya ƙarewa, da mutanen da ake rayuwa da su shekara da shekaru. Kwana Casa'in da Gidan Badamasi suka biyo baya a 2019.

Shekarar 2020 ce ta raba gardama. Kullen korona ya zaunar da mutane a gida, lokeshan ya tsaya, silima ta rufe, waya ta zama abokiyar hira. A shekarar ne Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka fito, suka nuna cewa ana iya tara jama'a a YouTube a rana sananniya da sa'a sananniya, kamar yadda ake taruwa gaban talabijin. Daga nan kusan kowane kamfani ya buɗe tasharsa. Fim mai dogon zango ya zama shi ne sana'ar, fim mai gajeren zango ya koma abin marmari.

Wannan sauyi ya taɓa har yadda ake rubuta labari. Marubucin da a da yake ƙulla zare ya warware cikin awa biyu, yanzu dole ya ajiye ƙugiya a ƙarshen kowane kashi, ya kuma riƙa jan labarin muddin ana kallo. Shi ya sa ake ganin shirin da ya fara da ƙarfi ya koma jan ƙafa, ana maimaita abin da ya wuce, ana tsawaita gaisuwa da tafiyar mota. Tsawon zango yana kuma haifar da tasa matsalar: jarumi ya yi tafiya, jaruma ta yi aure ko ta bar shirin, sai a wayi gari da sabuwar fuska a tsohon suna, kamar yadda aka yi da Sumayya a Labarina.

Lissafin YouTube

Ƙa'idar YouTube a bayyane take. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla a dogayen bidiyo, sai ta tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Idan ta cika, kamfanin yana ba mai tashar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar, ya riƙe sauran. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba kowane kallo ke da daraja ɗaya ba. Farashin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake da kuma yawan kamfanonin da ke rububin sa. Bahaushen da ya kalli shiri a Landan ko Jidda ya fi kawo kuɗi nesa ba kusa ba a kan wanda ya kalla a Funtuwa ko Tasawa. Mafi yawan masu kallon Hausa kuwa suna inda talla ke da arha. Wanda kuma ya karɓi shirin a wurin mai turi, bai shiga lissafin ba sam.

Gaskiya ne kuɗin yana zuwa da dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dalar ta ƙara auki idan an canza. Amma cire tallafin mai a watan Mayun shekarar ya ninka kuɗin janareta, na mota da na abincin ma'aikata a lokeshan, kayan aiki kuma da dala ake sayo su. Abin da ya shigo ta ƙofa ya fita ta taga.

Saboda haka furodusa ya koma neman talla da kansa. Duk mai bin waɗannan shirye-shirye ya san yadda ake katse labari a sanyo mai maganin gargajiya, mai sayar da filaye, shagon atamfa da leshi, makarantar kuɗi ko kamfanin Umara. Wani lokaci jarumin ne da kansa zai tsaya a tsakiyar wasa yana yabon kaya. Wannan kuɗi shi ke riƙe da shirye-shirye da yawa, kuma yana da tasiri a kan abin da ake nunawa. Mai talla yana son gida mai kyau, mota mai tsada da fuskar da aka sani. Labarin manomi, na masunci ko na tarihi, wanda ke buƙatar kuɗi da haƙuri, da wuya ya samu mai ɗaukar nauyi.

A gefe guda kuma, kamfanonin sadarwa suna karɓar nasu ba tare da fashi ba. Awa guda ta bidiyo tana cin ɗaruruwan megabait, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Iyalin da ke bin shiri uku ko huɗu a mako suna kashe abin da ya fi kuɗin kaset na da, sai dai ko kwabo daga ciki ba ya isa hannun marubuci ko mai ɗaukar hoto kai tsaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai kallo ya sauya

Babban sauyin da ya fi na na'ura shi ne na zama. Kallon da aka saba yi a tsakar gida, uwa da 'ya'ya da maƙwabta, ya koma na mutum ɗaya da abin sauraro a kunne. A gida guda, uwar gida tana kan shirinta, budurwa tana TikTok, saurayi yana bin taƙaitattun ƙwallayen Firimiya, ƙaramin yaro yana jiran a ba shi aron waya. Abin da ya rage na taron kallo shi ne gidan ƙwallo, inda har yanzu ake biyan kuɗin shiga a zauna a benci, domin wasa kai tsaye ba ya jira, kuma daɗinsa a musu yake.

Sai dai hirar ba ta mutu ba, ta koma ƙarƙashin bidiyo ne da zaurukan WhatsApp da Facebook. Mai kallo yanzu yana da baki. Minti kaɗan bayan an saki kashi, ɗaruruwan mutane sun yanke hukunci: wance ta cika mugunta, wane bai dace da wance ba, an fara ja mana rai. Daraktoci suna karantawa, kuma ba abin mamaki ba ne a ga an ƙara wa wani ɗan wasa fili saboda jama'a sun so shi. Mata, waɗanda tun zamanin kaset su ne ƙashin bayan kasuwar, yanzu ana jin muryarsu ƙarara. Haka masu kallo na Nijar, inda aka fi sanin finafinan da sunan dandalin soyayya, da na zangunan Kumasi da Accra, da na Kamaru, Sudan da Saudiyya, duk suna haɗuwa a wuri guda a sa'a guda.

Haƙurin kallo kuma ya ragu. TikTok ya saba wa ido da bidiyon daƙiƙa talatin, ya kuma rushe tsohuwar hanyar zama tauraro. A da sai ka yi biyayya a ofishin wani, ka ɗauki jaka, a gwada ka a ƙaramin fitowa. Yanzu yarinya a ɗakinta ko saurayi a shagon ɗinki zai iya tara mabiya fiye da jarumin da ya shekara ashirin a fim, har furodusa ya zo neman sa domin ya jawo masa jama'arsa.

Waƙa ta riga fim gane wannan. A da waƙar tana cikin fim ne, fim ke tallata ta. A 2020 waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zagaye ƙasa ta hanyar gajerun bidiyon da mata suka riƙa ɗauka suna rawa a gidajensu, har abin ya jawo muhawara. A 2022 Warr da Chass na Ado Gwanja suka bi wannan hanya. Mawaƙi a yau yana shiga sitidiyo da tunanin wane gaɓa ne za a yanka a hau, kuma ribarsa ta fi fitowa daga biki, taro da siyasa fiye da Audiomack ko Boomplay.

Manyan baƙi da 'yan gida

An daɗe ana sa ran manyan kamfanonin duniya za su zo su zuba kuɗi. Zuwan nasu bai kai Arewa sosai ba, kuma ko a Legas ɗin bai daɗe ba. A watan Janairun 2024 Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin finafinai a Afirka, MultiChoice mai DStv kuma ya yi asarar masu biya sama da miliyan guda a Najeriya cikin shekara biyu, kafin Canal+ na Faransa ya saye shi a 2025. Darasin a fili yake: tsarin biyan wata-wata da aka gina domin mai albashi da katin banki ba ya zama daram a inda mutane ke samu kullum su kashe kullum.

'Yan gida ma sun gwada. Northflix ta fara a 2019, Kallo.ng ta biyo baya, Arewa24 ma tana da manhajarta ta biya. Dukkansu suna fama da abu guda: mai kallo zai biya kuɗin shiga, ya sake biyan data, alhali gobe fim ɗin zai iya ɓulla a Telegram ko a teburin mai turi.

Amma akwai inda biyan ke tafiya, kuma ba a cika kula da shi ba. Marubutan littattafan Hausa, galibinsu mata, da kasuwar bugu ta mutu sai suka koma waya. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mai karatu sai ta ce a tura 'yan ɗaruruwan naira a asusunta, a sa mutum a zauren da ake ci gaba. Ana satar littattafan, ana kuma karanta su a YouTube ba da izini ba, duk da haka dubban mata suna biya. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙara koya wa jama'a tura kuɗi ta OPay, Moniepoint da PalmPay. Wannan ya nuna cewa Bahaushe yana biyan abin da yake so idan kuɗin kaɗan ne, hanyar mai sauƙi ce, kuma ya san hannun da zai karɓa.

Tacewa a zamanin da babu rumfa

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, an gina ta ne domin kasuwar da ake iya zuwa a kulle shago. Yanzu shagon yana Amurka, mai fim yana iya zama a Kaduna ko Abuja, mai kallo yana Agadas. Hukumar ba ta saduda ba. A watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo su an tace ba kafin a saki. Kotunan Kano sun hukunta wasu 'yan TikTok, Hisba kuma ta sha kiran su zama. Amma tace shirin da ke fita kowane mako aiki ne da ke buƙatar sauri da ma'aikata, kuma babu hukumar da za ta iya bin bidiyo dubbai da ake ɗorawa kullum. Nauyin da a da yake kan hukuma da mai gida mai riƙe da rimot, yanzu ya dawo kan tarbiyyar wanda wayar ke hannunsa.

Abin da ke tafe

Alamu uku sun bayyana. Na farko, labari zai ƙara gajarta. A China, wasannin da ake ɗauka a tsaye domin waya, kowane kashi minti ɗaya ko biyu, sun kawo kuɗin da ya zarce na gidajen silimar ƙasar a 2024, kuma manhajoji irin su ReelShort da DramaBox suna yaɗa salon a duniya. Tsarinsu shi ne a ba ka kashin farko kyauta, ka sayi na gaba da ɗan kuɗi, wato abin da marubutanmu mata suka riga suka gano da kansu.

Na biyu, ƙirƙirarriyar basira za ta rage tsadar wasu ayyuka, ta kuma kashe wasu. Fassarar da a da sai an tara masu murya a sitidiyo, na'ura ta fara yi. Hakan zai iya kai fim ɗin Hausa ga mai jin Larabci, Faransanci ko Swahili, zai kuma iya cika wayoyinmu da wasannin Turkiyya da Koriya cikin Hausa fiye da yadda na Indiya suka yi. Mawaƙa da jarumai za su fuskanci tambayar da dokarmu ba ta gama shirya mata ba: wa ke da muryar mutum da fuskarsa idan na'ura ta kwaikwaye su?

Na uku, duk wannan gini yana kan hanyar sadarwa da wutar lantarki. Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna, kasuwar kallo ta yankin ta koma hannun masu turi ɗungurungum. Ko ba a rufe ba, ƙauyuka da dama har gobe a kan memori suke. Duk tsarin da zai yi nasara sai ya ɗauki mai turi a matsayin dillali mai lasisi da ke biyan wani kaso, domin shekaru na kame ba su kawar da shi ba.

Hazaƙa dai akwai ta. Mai Martaba, fim ɗin Hausa, shi Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar, kuma tun watan Janairun shekarar Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Abin da ya rage aiki ne na lissafi da haɗin kai: ƙungiyoyin 'yan fim su zauna da kamfanonin sadarwa a kan ƙunshin data da ke haɗe da kuɗin shiri, a samar da hanyar biyan naira ɗari ko ɗari biyu a kan kashi ba tare da katin banki ba, a rubuta yarjejeniyar da za ta ba marubuci da jarumi kaso muddin ana kallon aikinsu, a kuma tattara finafinan zamanin kaset kafin su gama lalacewa. Idan 'yan gida ba su gina wannan hanya ba, wani zai gina ta daga waje, kuma shi zai yanke irin labarin da Hausawa za su riƙa kallo.